Koren Maɓalli

Daga Kaka zuwa ga jikarsa

Assalamu alaikum, 'Yar Allura.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mamanki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan, da kunnen hagu wanda yanzu ya ja na dama sun haɗa kai. Shi ya sa waya ba ta yi min amfanin komai.

Ki tsaya ki kalli rubutun nan da kyau. Kin gane na wane ne? Nawa ne! Ni kakanki, da hannuna, ina da shekara saba'in da ɗaya. Ba maƙwabcin shagona ne ya rubuta min ba kamar da. Wata goma sha takwas ke nan ina rufe shago da ƙarfe huɗu in tafi ajin manya. Mu tara ne. Akwai kafinta, akwai mai gyaran agogo, akwai wata mai wanki da ta fi mu duka kai, kuma ba ta barinmu mu manta da hakan. Malamarmu ba ta kai mamanki a haife ba, amma in ta ce, "Baba Tela, sake," sai in sake. Ranar da na karanta allon shagona da kaina, a tsakiyar titi na tsaya ina dariya har mai mota ya zage ni.

Ke kika kai ni ajin nan. Shekara huɗu ke nan tun da babanki ya rasu mamanki ta tafi da ke, duk wasiƙar da ta zo sai wani ya karanta min yana hamma. Na gaji da jin maganarki a bakin ƙato.

Ga riga na ba direban da ke zuwa garinku duk Laraba, zai kai kantin maganin da mamanki ke aiki. Da tsohon awonki na ɗinka, na ƙara inci ɗaya don na san cinki. Yaya makarantar aikin jinya? Saura shekara nawa ki zo ki duba min gwiwa?

Kujerarki tana nan gefen keken ɗinki. Allura kuwa tun da kika tafi ta raina ni, sai in yi minti goma ina lallashinta kafin ta karɓi zare.

Tsohon mijinki da kika gudu kika bari,
Kaka

Daga jika zuwa ga Kaka

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa, ina lafiya. Mama tana kula da ni sosai, ba abin da na rasa. Na bar makaranta saboda rashin lafiya, kuma hakan ya fi min. Na gode da riga. Ta yi min yawa, shi ya sa na mayar. Mama ta sake auna ni: ƙugu ashirin da huɗu, kafaɗa yadda take. Ƙasan rigar kuma bai zauna ba. Ka duba kalmasar da kyau, Kaka, da hannunka.

Jikarka

Baba, ni ce, 'yarka. Barka da ƙoƙari, wallahi ka burge ni. Zuciyarta ce ba ta da ƙarfi, amma ina kan abin, ka san magani aikina ne. Ka ƙara tsawon hannun rigar ya rufe har bayan tafi, tana jin sanyi. Kada ka wahalar da kanka da zuwa, baƙi suna tayar mata da ciwon.

'Yarka

Daga Kaka zuwa ga jikarsa

'Yar Allura,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu. Allah ya ba ki lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Wasiƙarki sau shida na karanta ta, har na kai aji na nuna. Sai dai kin rubuta min kamar mai neman aiki a ofis. Ina tsiyar? Ko "tsoho mai rigima" ba ki ce min ba. Kuma a layin farko kina lafiya, a layi na uku ba ki da lafiya. Ni sabon ɗan makaranta ne, ki riƙa tausaya min.

Ƙugu ashirin da huɗu! Daga ashirin da tara? Na rage, amma almakashi bai so ba. Hannu ma na ƙara. Rabon da in yi irin wannan hannun tun mamanki tana ƙarama.

Kalmasar ƙasa kuwa na auna ta zagaye, daidai take. Amma na kama ɓarauniya. Akwai wurin da aka farke ɗinkina aka mayar da hannu, kuma na san hannun: ɗinki uku ƙanana, ɗaya babba, yadda kike yi tun kina shekara tara. Ashe har yanzu kina taɓa allura! Na ji daɗi, amma na bi ta kai da keke sau biyu, don kada a ce jikar tela ce ke yawo da wannan karkataccen ɗinki.

Ki ci abinci, don Allah.

Kaka

Daga Kaka zuwa ga jikarsa

'Yar Allura,

Lafiya? Laraba bakwai ke nan ina zuwa tasha. Direba in ya hango ni tun daga nesa yake girgiza kai. Ya ce hannu da hannu ya ba mamanki rigar da wasiƙar.

In zancen ɗinkin ne ya ɓata miki rai, wasa nake. Ɗinkinki ya fi nawa lokacin da nake sa'arki. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne. Na koyi karatu, ga shi ba abin karantawa.

Jiya wata yarinya ta zo awo, tana dariya tana rufe baki da bayan hannu kamar ke. Sau biyu na ɓata awon.

Kaka

Daga uwar yarinyar zuwa ga mahaifinta

Baba,

Ina wuni, ya jiki? Da fatan gwiwa ta lafa.

Na gode da ka sanar da ni zancen allura. Ban san tana da ita ba. Na same ta a cikin katifa, na ɗauke. Mai irin ciwonta ba a bar mata abu mai tsini.

Baba, kada ka ji haushi, amma wasiƙunka suna cutar da ita. Ranar da rigar ta dawo ta juya ta ciki da waje tana duba maɓallai ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna a ƙasa ta ƙi magana kwana biyu. Yanzu kuma magana ɗaya take maimaitawa, wai ƙasan rigar ya yi nauyi, a mayar maka ka farke. Na duba da kaina, ɗinkin kekenka ne lafiya lau. Ka ga inda ciwon ya kai. Ga rigar nan, ka riƙe, don ganinta yana tayar mata da hankali. Kada ka sake aiko wata.

Ƙarshen watan nan za mu tashi, na sami aiki a wani gari mai shiru. In mun zauna zan aiko da adireshi. Ni kaɗai na san yadda ake riƙe ta, Baba. Ba ta da kowa sai ni, ni ma haka.

'Yarka

Abin da Kaka ya tarar a cikin kalmasar, an rubuta da biro a kan dogon farin ƙyalle

Tsoho mai rigima,

Da gaske ka koyi karatu? Na yi kuka, na yi dariya, duk a cikin bargo. Waccan wasiƙar Mama ce ke faɗa ina rubutawa, tana tsaye a kaina. Wannan ce tawa. Rigar matashin kai na yaga, don takarda tana ƙara in an taɓa.

Kaka, ban san ko ina da ciwo ba. Shekara biyu da suka wuce na ce zan koma ɗakin kwanan ɗalibai. Washegari Mama ta ce ta ji zuciyata tana tsalle, ta ba ni ƙwaya. Na yi barci kwana biyu. Tun daga nan kullum ƙwaya uku. In na sha, ƙafata ba ta ɗaukata, sai ta ce, "Kin gani?" Yanzu ina ɓoye biyu a ƙarƙashin harshe in tofar, kuma ranar da na tofar ina iya tsayawa.

Muna hawa na uku. In za ta fita da ƙarfe takwas tana sa kwaɗo ta waje, sai ƙarfe huɗu. Wayata tana jakarta. Ta gaya wa maƙwabta ina da taɓin hankali, don haka in na buga ƙofa sai su ƙara sautin rediyo.

Ba kullum take duka ba. Wata rana tana tsefe min kai tana waƙa, har in ce ni ce mara kirki. Sai in faɗi wata kalma, ko in kalli taga ya daɗe, ta kama hannuna ta murɗe, ko ta ɗora min cokali mai zafi. Bayan nan ita ke fara kuka. Ta shafa min magani, ta ce, "Dubi abin da kika sa ni." Ta ce ranar da na fita ƙofar nan gawarta za a ɗauka. Ina jin tsoron ta mutu, Kaka. Ina kuma jin tsoron in mutu a ɗakin nan ina da shekara ashirin da biyu.

Ta ce kai ka ce ba ka son ɗawainiyar mara lafiya. Ban yarda ba, amma in mutum ya ji abu sau ɗari yana fara zama.

Daga taga ina hango rufin tasha. Duk Laraba ina ƙirga motoci.

Kada ka ambaci wannan a wasiƙa, ita ke fara karantawa. In ka karanta, kuma kana so na, ka sa koren maɓalli guda ɗaya a rigar. In ban ga kore ba, zan gane, ba kuma zan sake damunka ba.

'Yar Allura

Daga Kaka zuwa ga 'yarsa

'Yata,

Ina gaishe ku. Na ji batun tashi, Allah ya sa alheri. Na kuma ji kin ce kada in sake aikowa, amma ki yi wa tsoho haƙuri sau ɗaya. Riguna biyu ne, yadi ɗaya, taki da tata. Rabon da in ɗinka miki tun kina budurwa, da ido na yi awon. Yadin ba shi da nauyi, don haka na sa shafi, ƙyallen ƙara nauyi, a ƙasan kowacce. Akwai maɓallin ajiya ta ciki, daga ƙasa. Kada a ja shi, in an ja ɗinkin zai warware.

Babanki

Abin da ke cikin kalmasar rigar jikar

'Yar Allura,

Na san za ki ja. Tun kina rarrafe, duk abin da na ce kada ki taɓa shi kike fara taɓawa. Ɗinkin bakin buhu na yi miki, zare ɗaya, tunda na sa an raba ki da allura.

Ga korenki. Ki yafe min. Wasiƙarki ta zo hannuna tun wata biyu, na ji kaurinta a yatsana, na ce yarinya ce ta cusa shafi, na hau kanta da keke sau biyu ina jin kaina gwani. Shekara hamsin ina ɗinki, ɗinki na duba, ban tambayi abin da ya sa aka farke ba. Abu ɗaya ke sanyaya min rai: wautar tawa ce ta rufe ta daga idon mamanki.

Ban taɓa cewa ba na son ki ba. Ki karanta layin nan sau ɗari da ɗaya.

Na nuna wa Malama ƙyallen. Ta ce ke babba ce, ba wanda doka ta ba ikon rufe ki, ko uwa ce. Laraba mai zuwa ina cikin motar direba, ni da kafinta da jakar kayan aikinsa. Za mu iso wajen sha ɗaya, mamanki tana kanti. Kada ki haɗa kaya, kada ki canja fuska. Takalmi kawai ki san inda yake.

Ba zan ɗauke ki ba, gwiwata ba za ta iya ba. Ƙofa zan buɗe. Ke za ki taka.

Kaka

Daga Kaka zuwa ga 'yarsa, bayan wata ɗaya

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da gaske, ba don cika takarda ba. Direba ya ce ba ki tashi ba, kina nan kantin. Na yi hamdala.

Tana lafiya. Likita ya duba ta sau biyu, ya ce zuciyarta ta fi tawa da taki. Ƙwayoyin ya ce na barci ne. Kin san wannan, na rubuta ne don ki san na sani.

Ban zaci zan same ki a gida ranar nan ba. Da muka hau bene na ga ba kwaɗo a ƙofa. Kika buɗe da kanki, ga kwalaye an ɗaure, ga ki cikin rigar da na ɗinka. Kika yi murmushi kika ce, "Baba, ga ta nan, tambaye ta." Ita kuma tana kallon ƙasa ta ce, "Ba ni da lafiya, Kaka, ka koma." Wallahi saura kaɗan in koma. Abin da ba ki gani ba shi ne hannunta na hagu. Ta buɗe shi kaɗan a gefen cinyarta, koren maɓalli yana ciki.

Shi ya sa na ciro tef ɗin awo na ce tela in an mayar masa da riga sau biyu dole ya auna da hannunsa. Shi ya sa na naɗe mata hannun riga, tabon ƙuna ya bayyana a gaban kafinta da matar da ta leƙo daga ƙofar kusa. Ba don in kunyata ki ba ne. Shekara biyu kina gaya wa yarinyar nan abin da idonta ya gani ƙarya ne. Tana bukatar wani ido ya gani tare da ita.

Da kika ɗauki kwalbar magani kika ce ta taka ƙofa ta ga gawa, ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a takalmi. Na ce mata, "Sauka da kafinta. Uwarki 'yata ce, ni zan zauna da ita." Hawa uku ta sauka da ƙafarta. Kafinta ya ce a kowane hawa sai ta tsaya ta saurara.

Na zauna da ke har abokiyar aikinki ta zo. Rigarki hannunta iya gwiwar hannu na yi, da gangan. Kika ga ina kallon tsohon tabon da ke hannunki, kika miƙo min hannun kika ce, "Yanzu ka iya gani?"

Na iya, 'yata. Tun lokacin ma na iya. Kina shekara takwas marigayiya mahaifiyarki ta ce in riƙa yi miki hannu har bayan tafi, wai kina jin sanyi. Na auna, na yanka, na ɗinka. Bayana yana ga ɗakin, keke yana ƙara, na bar shi yana ƙara. Shekara goma ina yi miki dogon hannu ban tambaya ba. Rashin karatu bai hana ni ba, tsoron rigima ne.

Wannan bai wanke abin da kika yi ba, kuma ba zan mayar miki da ita ba. Ko ta ce za ta koma don tausayi, zan zauna a bakin ƙofa. In za ki gan ta, sai a nan, ƙofa a buɗe, sai kuma ranar da ita ta ce. Akwai likitan da ke sauraron irin abin da ke damunki. In kin yarda, zan zo in raka ki, in zauna a waje in jira.

Amma bari in gaya miki farin cikina, don ba ni da wanda zai gane shi kamar ke. Ƙugu ya koma ashirin da biyar! Makaranta sun ce ta dawo zango mai zuwa. Har yanzu in za ta shiga banɗaki sai ta nemi izini, in cokali ya faɗi sai ta rufe kai. Amma shekaranjiya ina fama da allura, ta fizge ta ce, "Kawo nan, tsoho mai rigima, ka ishe mu." Na fita bayan shago na yi kuka kamar yaro. Takan tambaya ko kin ci abinci. Duk Laraba ita ma tana bi na tasha, ba ta faɗin dalili.

Na san ba ki ja maɓallin rigarki ba. Ke tun kina ƙarama in an ce kada ki taɓa, ba kya taɓawa, kuma yanzu na san wanda ya koya miki hakan. Shafin da ke ƙasan taki ma ba shafi ba ne. Sau goma sha ɗaya na rubuta shi kafin ya fita, ban kuma nuna wa Malama ba, don haka za ki ga kurakurai.

Naki ma kore ne. Ki ja shi, 'yata. Na ba ki izini.

Babanki